Zanen Zumunta da Fuskar Honarabul

Al Ras, Dubai
12 ga Agusta, 2018

Zuwa ga Mamana abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar nan taki, tana barinki ki durƙusa kuwa? Yaya damina, yaya gyaɗar bayan gida? Ki gaishe mini da ƙanena Ado da amaryarsa. Ni ina nan lafiya lau, sai zafin Dubai, wanda a watan nan ko kyanwa ba ta fita da rana.

Na san Ado zai yi dariya ya ce ga waya, me ya kawo takarda. To, kiran intanet a toshe yake a ƙasar nan, ke kuma kin fi son abin da za ki sa tabarau ki karanta, ki ninke, gobe ki sake buɗewa. Wata 'yar kasuwa da za ta sauka Kano ce za ta riƙo miki.

Saƙonki ya iso, Mama. Na ji Majalisar Gundumar ikilisiyarmu ta amince a buga wa Zumuntar Mata sabon zane don bikin cika shekara hamsin a watan Fabrairu. Na kuma ji cewa ke, a matsayinki na Shugaba, kin miƙe a gaban Baba Rabaran da dattawan ikilisiya kin ce 'yarki Saratu da ke Dubai ita za ta yi aikin. Da na gama karantawa sai da na taka rawa a tsakiyar shago. Mai shagonmu Alhaji Dikko ya leƙo daga ofis ya ɗauka miji na samu. Da na faɗa masa, ya ce ai wannan ma ya fi, tunda ba zai raba shi da ma'aikaciyarsa ba.

Ki kwantar da hankalinki, aikinmu ke nan kullum. A kawo mana samfuri, mu tura masana'anta a China, su bugo atamfa, mu ɗora a kargo sai Kano. Na yi wa masu biki, na yi wa ƙungiyoyin 'yan kasuwa, yau layi ya zo kan uwata, kina ganin zan yi wasa? Samfurin da matanki suka zaɓa, wanda Ado ya turo mini hotonsa, ya yi kyau matuƙa: kurciya da reshe a baki, ga fitila, a kan shuɗi da ruwan ɗorawa. Zan tsaya a kan mai kauri, wanda za a yi shekaru ana wankewa yana nan.

Na ji kuma Edwin ɗan marigayi Malam Bulus, da ke neman kujerar majalisar jiha, ya ce shi zai ɗauki nauyin aikin. Ikon Allah, Edwin da nake goge wa majina a makarantar Lahadi, yau tun ba a kaɗa ƙuri'a ba ana ce masa Honarabul! Allah ya saka masa. Ni dai na tashi na ga kowace mace da guminta take sayen zanen Zumunta, ko da ƙuliƙuli za ta sayar, wadda ba ta da hali kuma a haɗa mata a ɓoye. Amma tunda ku manya kun karɓa, ni mece ce da zan ce a'a.

Tun ina goye kike riƙe da matan nan, Mama. Ina so ranar bikin, in kika shigo a gabansu, a ce wannan zanen ɗiyarta ce ta bugo. Ba zan ba ki kunya ba.

Ki gaishe da Baba Rabaran da mataimakiyarki Mama Clara. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke.

Taki har abada,
Saratu

Al Ras, Dubai
7 ga Oktoba, 2018

Mamana,

Gaisuwa da ƙauna a cikin Almasihu. Yaya jiki, yaya aikin kaka? Ina fata man shafawar da na aiko yana yi wa gwiwar amfani. Ni ma lafiya nake, zafi ya fara sauka, har muna iya hawa kwalekwale mu tsallaka ruwa ba mu jiƙe da gumi ba.

Mama, ki zauna kafin ki ci gaba, don maganar yau ba mai daɗi ba ce.

Edwin ya zo Dubai. Ya sauka a wani otal a unguwar Port Saeed, ya kira ni, washegari sai ga shi a shago da mutum biyu a bayansa, ƙamshin turare ya riga su shigowa. Ya yi ƙiba, ya yi kyau, ya kira ni Yaya kamar da, har na ji daɗi. Na sa aka kawo musu shayi. Muna cikin hirar gida sai ya ciro waya ya ce an ɗan yi wa samfurin gyara.

Kurciyar tana nan, fitilar tana nan. Amma an matsar da su gefe, an buɗe da'ira a tsakiya, ga Edwin a ciki da hula yana murmushi, a ƙasa an rubuta wai namu ne, Allah ne ya zaɓa. Ya ce Baba Rabaran da dattawa sun gani sun sa albarka, kuma ranar bikin, da yake zaɓe ya matso, za a fito da shi gaban bagadi a ɗora masa hannu, mata duka suna sanye da shi.

Na dube shi na ce ba da hannuna ba.

Da fari dariya ya yi, ya zaci farashi nake ja. Sai na yi masa bayani kamar yadda zan yi miki yanzu. Zanen Zumunta ba ankon biki ba ne da za a sa rana ɗaya a mayar da shi zanen wanka. Da shi kuke zuwa asibiti dubiya. Da shi kuke shiga gidan makoki, har gidajen maƙwabtanmu Musulmi, a shimfiɗa muku tabarma don an san ko ku wane ne. In 'yar Zumunta ta rasu, shi ake lulluɓa wa akwatinta har bakin kabari. Na ce masa, Edwin, kana so a binne iyayenmu da fastar kamfen?

Na kuma tuna masa shekarar da aka rufe asibitin garinmu, ya zama mace mai naƙuda sai an ɗora ta a babur zuwa wani gari. Dattawa sun yi ta kai kuka ba wanda ya saurare su. Ku kuka ɗaura zanen Zumunta, kuka ɗauki tulu da caki, kuka je kuka zauna a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma kuna waƙa, har ciyaman ya ji kunya ya fito da kansa, aka turo nas. Ina riƙe da gefen zanenki a ranar, ban manta ba. Ciyaman ya fito ne don ya san matan nan ba na kowa ba ne, ba jam'iyyar da ta turo su. To in gobe Edwin ya hau ya manta da mu, da wane zane za ku je ƙofarsa? Da fuskarsa a jikinku za ku je ku ce masa ya ci amana?

Nan fa murmushi ya ɗauke. Ya ce shinkafar Larabawa ta sa na manta gida. Ya ce ni ina nan cikin sanyin na'ura, ban san abin da mutanenmu ke sha ba don ba su da kowa a gwamnati. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in tuna uwata ce ta ba Majalisa kalmarta, kuma kujerar Shugaba ba gadon gidanmu ba ce. Wannan maganar ta shige ni, ba zan ɓoye miki ba.

Alhaji Dikko yana jin komai daga ofis. Na zaci zai yi faɗa, don ciniki ne babba na kora. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, duk zaɓe yana buga fuskokin 'yan takara, na wannan jam'iyya da na waccan, ba ruwansa. Amma ya ce da wani zai kawo masa aikin buga fuskarsa a kan darduma, da shi ma korarsa zai yi. Ya ce aikin nawa ne, tunda na ce a'a, khalas, magana ta ƙare.

Ina da yaƙinin ba ki ga wannan gyaran ba, Mama. Na san ki. Ki rubuto mini da wuri.

Ki gaishe da Ado da mutanen gida. Ubangiji ya ba ki hikima.

Ɗiyarki mai ƙaunarki,
Saratu

Al Warsan, Dubai
18 ga Nuwamba, 2018

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da ladabi da biyayya a cikin sunan Yesu. Yaya lafiyar jiki? Ado ya ce kin yi mura, ina fata ta sake ki. Ni lafiyata ƙalau, zuciya ce dai ba ta zauna ba.

Takardarki ta zo. Ashe kin ga gyaran, kin kuma yarda. Na karanta ta a ɗakinmu, na sake karantawa a jirgin ƙasa a hanyar shago. Tun da kika haife ni ba ki taɓa rubuta sunana ba tare da kin sa “ɗiyata” a gaba ba, sai wannan karon. Na lura, kuma ya yi mini ciwo.

Kin ce Edwin ɗanmu ne, a ikilisiyarmu aka yi masa baftisma. Kin ce tun da aka fara siyasa ba mu taɓa samun namu a majalisa ba, shi ya sa muka yi shekaru muna neman takardar filin makaranta ana wasa da mu daga wannan ofis zuwa wancan. Kin ce in ikilisiya ba ta tsaya wa nata ba, wa zai tsaya mata. Kin ce kin ba da kalmarki, kuma yarinya ba ta warware abin da dattawa suka ƙulla. Mama, ban da na ƙarshen, duk na yarda da ke. Da ina gida da Edwin zan zaɓa. Ku bi gida-gida ku nema masa ƙuri'a, ku sa hularsa, ku sa rigarsa, Baba Rabaran ya yi masa addu'a kamar yadda zai yi wa kowane ɗa. Zanen nan ɗaya kawai nake roƙo a bar wa Allah.

Edwin ya ce na manta gida. Bari in gaya miki abin da zaman nan ya koya mini. A nan ran Juma'a muke sujada, don ita ce ranar hutu. Hukuma ce ta ba da filin, ƙabilu da yawa ke amfani da harabar, kowa da lokacinsa. 'Yan Filifin na fita muna shiga, ba mu gama albarka ba Indiyawa sun yi layi a ƙofa. Ba mai taɓa mu, ba mai jifanmu, ina godiya ga Allah. Amma ba a buga ƙararrawa, kuma mai wa'azi ya san iyakarsa, ba ya ko kusantar maganar masu mulki. Mu baƙi ne, bizarmu a hannun wasu take. Duk ranar da na zauna a bencin nan sai in tuna ku a ƙofar sakatariya, in ce ashe dukiya ce da mu a gida ba mu sani ba. Ikilisiyar da za ta iya kiran mai mulki ya fito ya saurara ba ƙaramin abu ba ce. Shi ya sa ba zan taya a miƙa wa mutum ɗaya ita ba, ko da ɗan ɗakinmu ne.

Yanzu ga abin da na yi, gara ki ji daga bakina. Na tura wa masana'anta samfurin farko, wanda matanki suka zaɓa, ba fuskar kowa. Alhaji Dikko ya yarda ya buga shi a matsayin kayan shago, za a ajiye a rumfar ƙanensa a Kano, duk mai so ta saya da guminta kamar yadda aka saba. Edwin kuma na ji ya kai nasa wani shago a unguwar Deira a nan Dubai, sun karɓa hannu bibbiyu, zai raba kyauta. Ke nan zane biyu ne za su iso gida.

Turmin farko da zai fito daga bandir naki ne, ni na saya miki. Ban ce dole ki ɗaura ba. In kin ga dama ki sa shi a ƙasan akwati, ki ce wa Majalisa Saratu ce ta yi taurin kai, ba ki da hannu. Gaskiya ce kuwa, ba wanda zai ce kin yi ƙarya, kujerarki kuma ta tsira. Na san abin da matan nan suke a wurinki tun bayan rasuwar Baba, ba na so a raba ki da su saboda ni.

Ban taɓa saɓa miki ba, Mama, kin sani. Wannan karon na duba na sake dubawa, na yi addu'a, ban ga inda na kauce ba. Ki yi fushi da ni in za ki yi, amma kada ki daina sa ni a addu'a.

Ki gaishe da kowa da kowa. Salamar Allah ta tsare ki.

Ni ce ɗiyarki, ko kin rubuta ko ba ki rubuta ba,
Saratu

Al Ras, Dubai
14 ga Afrilu, 2019

Mamana, uwata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin Ubangiji, da barka da shirin Ista. Yaya gwiwa, yaya zafin bazara? Ina nan lafiya, aiki yana tafiya daidai.

Tun Nuwamba ban ga rubutunki ba. Duk 'yar kasuwar da ta shigo daga Kano sai na dubi hannunta. Ado ma ya yi ta yi mini kwana-kwana, sai makon jiya da na matsa masa ya zauna ya ba ni labari tun daga farko. Ya ce ke kika hana shi faɗa. Kada ki yi masa faɗa, ni na tsare shi.

Ya ce da kayan suka iso, Majalisa ta kira ki. Suka ce abu ne mai sauƙi: ki miƙe ran Lahadi ki sanar cewa mai fuska shi ne zanen Zumunta, na Saratu kuskuren yarinya ne, a manta da shi. Ƙofar da na buɗe miki ke nan, su ma ita suka nuna miki. Ya ce sai kika ce kin shimfiɗa zanen biyu a kan gadonki kin daɗe kina kallo, kin tambayi kanki da wanne kike so a rufe ki, kin kuma sami amsa. Kika ce ba za ki hana kowa sa nata ba, amma ba za ki kira ɗiyarki mai kuskure a gaban ikilisiya ba alhali ba ki ga kuskuren ba. A zaman nan suka sauke ki, suka ɗora Mama Clara.

Mama, na ajiye waya na shiga bayan shago tsakanin bandir-bandir na yi kuka har na gode Allah. Ni na yi magana daga nesa, ke kika biya.

Sai ya ba ni labarin ranar bikin. Ya ce majami'a ta cika har waje, mata daga ƙauyuka duk sun zo, kusan kowa da mai fuska, don kyauta ce, wasu ma ba su san da wani ba. Edwin yana gaba a kan kujera mai laushi kusa da Baba Rabaran. Ke kuma kin shigo ta ƙofar baya da shuɗinki mai kurciya, ke da wasu 'yan tsofaffi da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuka zauna a bencin ƙarshe inda masu jego ke zama.

Da aka zo waƙar buɗe taro, masu tulu suka ɗauki kiɗa, caki ya shiga, aka jira mai ba da waƙa. Shekara da shekaru ke kike bayarwa, ba wanda ya tuna cewa wannan ba a rubuce yake a cikin kujera ba. Mama Clara ta ɗauko, murya ta maƙale. Ta sake ɗaukowa, amshi ya watse. Kiɗa yana ta zagayawa ba waƙa, baƙi sun fara kallon juna. Ado ya ce sai Mama Clara da kanta ta ɗaga kai ta nemo ki da ido.

Kika miƙe daga bencin ƙarshe, da gwiwar nan taki, kika ba da waƙa.

Ke kin san al'adar matanki, inda mai ba da waƙa take nan suke fuskanta. Ya ce majami'a guda ta juya kamar an kaɗa ta, suka ba bagadi da manyan baƙi baya suna amsa miki. Kuma da yake wanda ya zana da'irar bai taɓa ɗaura zane ba, fuskar ta faɗa daidai mazaunai. Honarabul ya zauna yana kallon kansa yana murmushi daga bayan kowace mace, yana rausaya hagu da dama. Allah ya gafarta mini, ina cikin hawaye na yi dariya har Alhaji Dikko ya ce ko a kira mini likita.

Na san ba abin da wannan ya canja. An ɗora masa hannu, ya ci zaɓe, ina kuma yi masa addu'a da zuciya ɗaya Allah ya sa ya riƙe amana, ya fito mana da takardar filin makaranta. Kujerar ba ta dawo ba, Ado ya ce ba alamar za ta dawo. Ran Alhamis in mata sun taru, wata ce ke buɗe taro, ke kina bencin baya. Ni na jawo miki wannan. Da za a mayar da ni shagon nan ranar da Edwin ya ciro wayarsa, amsar da na ba shi ita zan sake ba shi, kuma na san yanzu ba ni kaɗai ba ce.

Da Ado zai kashe waya na tambaye shi ko kin ba da wani saƙo gare ni. Ya ce ya tambaye ki, kina tsakar gida kina shanya, ba ki ko juyo ba. Kika ce ya gaya wa ɗiyarki zanen ba ya zuba.

Na ji, Mama. Na sa ya maimaita mini, don in tabbata da “ɗiyarki” ya ce.

Na nemi hutu a watan Yuli, Alhaji ya amince. Na yanka nawa turmin na kai wa tela. Ki matsa mini kaɗan a bencin.

Ki gaishe da Ado da matarsa, da Baba Rabaran, da Mama Clara, ki ce mata na gode. Ubangiji ya ja kwananki, ya ƙara wa muryarki ƙarfi.

Ɗiyarki,
Saratu